Darasi na 9: Ƙara wa Tsohuwar Akori-kura Ƙarfi Ba Tare da An Kashe Injinta Ba

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya bayyana abubuwa uku da inji ke buƙata don ya yi ƙarfi, ya san awon da ake yi kafin a kashe ko sisi, ya bambanta gyaran da ke biyan kuɗinsa da wanda ke cinye jari, kuma ya iya lissafa man da motarsa ke sha.

Motar da ke ciyar da gida

Da sanyin safiya, kafin rana ta take a kasuwar Dawanau ta Kano, akan ga motocin akori-kura sun ja layi. Wasu na sauke gero da wake da riɗi da suka kwaso daga ƙauyuka, wasu na lodin kayan da za su kai Katsina, Daura ko Maraɗi. Da yawa daga cikin motocin nan sun girmi yaran motar da ke ɗaure musu kaya.

Iri biyu ne suka fi yawa a cikin tsofaffin. Akwai Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, da kuma Toyota Hilux. Dukansu a shekarar 1968 aka fara ƙera su, ɗaya a Faransa, ɗaya a Japan. Kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina yin ta. Shi ya sa har yau kayanta ba su yanke ba a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, kuma da wuya a sami garin da babu makanikin da ya san cikinta. Ita ma Hilux mai injin fetur 22R, da 'yan uwanta masu dizal irin su 2L da 3L da 5L, ta samu irin wannan gata.

Kukan masu waɗannan motoci kusan ɗaya ne: "Motar ta daina ja, ga shan mai." Daga nan shawarwari ke fara zuwa daga kowane ɓangare. Wani ya ce a sa babbar kafireta, wani ya ce a fasa salansa, wani ya ce a cire tamostat, wani kuma ya ce a sauke injin gaba ɗaya a ɗora na Beljiyam. Mutumin da motar nan ce abincin iyalinsa ba shi da kuɗin gwaji, kuma kowace rana da ta kwana a gareji asara ce. Abin da wannan darasi ke koyarwa shi ne, mafi yawan ƙarfin da yake nema yana nan cikin injin, ƙura da zafi da sakaci ne suka danne shi. A fara dawo da wanda ya ɓace, sannan a yi ɗan ƙari inda ya dace.

Inda ƙarfin inji ke fitowa

Injin waɗannan motoci silinda huɗu ne, kuma kowace silinda tana maimaita aiki huɗu. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta tura shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. A cikin huɗun nan, na uku ne kaɗai ke ba da ƙarfi. Sauran ukun hidima suke yi masa.

Saboda haka inji na buƙatar abu uku: isasshiyar iska mai tsabta da mai daidai gwargwadonta, matsi mai kyau, da wuta a kan lokaci. Fetur yana ƙonewa sosai idan kowane kilo ɗaya ya haɗu da iska kilo 14.7. Idan aka mayar da wannan lissafi zuwa lita, kowace litar fetur na buƙatar iska kusan lita 9,000. Inji dai mashaƙin iska ne kafin ya zama mashayin mai. Ƙara masa mai ba tare da ƙarin iska ba, baƙin hayaƙi kawai yake haifarwa.

Akwai kuma bambanci tsakanin ƙarfin gudu da ƙarfin ja. Injin 22R, mai girman lita 2.4, dokinsa kusan 100 ne, amma sai ya yi juyi wajen 4,800 a minti yake kai wannan adadi. Mai ɗauke da buhuna ba ya kai inji can. Abin da ya dame shi shi ne ƙarfin murɗawa a ƙananan juyi, tsakanin 2,000 da 3,000, wanda ke tayar da mota daga tsaye, ya fitar da ita daga yashi, ya haurar da ita tudu. Duk wani ƙari da ke ba da gudu a sama amma ya rage ja a ƙasa, ba na akori-kura ba ne.

Awo kafin kashe kuɗi

Likita ba ya rubuta magani sai ya auna marar lafiya, haka ma makanikin ƙwarai. Awo na farko shi ne na matsi. Ana ɗumama inji, a cire filogi duka huɗu, a ɗaura geji a ramin kowanne, a danne totur har ƙasa a murza makulli. Abin da ake dubawa shi ne ko silindojin sun yi kusa da juna. Idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari, akwai matsala. Sai a ɗiga ɗan baƙin mai a cikinta a sake aunawa. Idan adadin ya tashi, zobban fistin ne suka cinye. Idan bai motsa ba, laifin na bawul ne ko gaskit. Injin dizal yana da nasa gejin daban, domin matsinsa ya ninka na fetur.

Awo na biyu ido ne ke yin sa. Shuɗin hayaƙi alama ce inji na ƙona baƙin mai. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya yi wa iska yawa. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, musamman idan ruwan lagireto na raguwa, yana nuna gaskit ya ƙone. Filogi ma yana ba da labari: idan bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne a bushe, ƙonewa na tafiya daidai, idan ya yi baƙi kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa, idan ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan kuma inji na cikin haɗarin zafi.

Idan awo ya nuna matsi ya tafi, babu kafireta ko salansar da za ta dawo da shi. Sai dai a buɗe inji. A nan mai 504 yana da sa'a, domin silindojin injinta hannun riga ne, wato silib, da ake zarewa. Ana sayen fistin da zobba da silib a haɗe a mayar, ba sai an kai gangar injin wurin masu yashewa ba.

Akwai wani ƙaramin aiki da ake yawan mantawa, wato saita tazarar bawul. A injin 22R, tazarar ita ce milimita 0.20 ga bawul ɗin shigar iska, 0.30 ga na fitar hayaƙi, kuma da zafinsa ake aunawa. Idan tazarar ta matse, bawul ba ya rufewa sosai, matsi ya zurare, daga baya bawul ɗin ya ƙone. Aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma babu kayan da ake saye sai ɗan gaskit na murfi.

Iska: yaƙi da ƙurar hunturu

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a ƙasar Hausa. Ga kuma ƙurar hanyoyin burji da ba ta da lokaci. Wannan ƙura gari ce mai kaifi. Idan ta shiga silinda ta haɗu da baƙin mai, sai ta riƙa cin zobba da bangon silinda kamar yadda ake goge tukunya da yashi.

Matatar iska ce mai gadin ƙofa. Idan ta toshe, inji na shaƙewa, ya rasa ƙarfi, mai kafireta kuma ya ƙara shan mai. Wasu kan hura ta da iskar masu faci da ƙarfin tsiya har takardar ta yage, wasu ma su cire ta su yar. Dukansu suna sayen ƙarfin mako guda ne da rayuwar inji. Abin yi shi ne a kakkaɓe ta a hankali, a hura daga ciki zuwa waje da sassauci, a ɗaga ta a rana a duba ko akwai huji, a canza ta idan ta gaji. Wasu tsofaffin Peugeot na da matata mai kwanon mai a ƙasa, wadda ƙura ke maƙalewa a cikin man. Irin wannan wankewa ake yi a zuba sabon mai daidai layinsa, kuma ta dace da ƙasarmu ƙwarai.

A duba kuma robar da ta haɗa matata da inji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tsaga ɗaya a robar nan ta isa ta mayar da sabuwar matata aikin banza.

Matasa na sha'awar wata matata mai siffar mazurari da ake ɗaurawa a buɗe cikin bonet, saboda ƙarar da take sa inji ya yi. Tana da illa biyu. Ta fi barin ƙura ta wuce, kuma iskar da take zuƙa mai zafi ce. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kaurin iska da kusan kashi 3 cikin ɗari, iskar cikin bonet kuwa ta fi ta waje zafi nesa. Ƙarin da ya fi amfani shi ne bututun da ke hawa ta gefen gilashi ya ɗebo iska daga saitin rufin mota, inda ƙura ta fi sauƙi kuma iska ta fi sanyi.

Tudu ma na rage iska. Injin da ba shi da tabo, wato fankar cusa iska, yana asarar kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Jos na kan tudun da ya kai mita 1,200, don haka motar da ta yi sanyi a hawan Filato ba lallai ne tana da ciwo ba.

Wuta a kan lokaci

Tsofaffin 504 da wasu Hilux na farko suna amfani da kwantak, wasu ƙananan ƙarafa biyu a cikin distiributa da ke buɗewa suna rufewa sau dubbai a minti. Tazararsu wajen milimita 0.4 ce. Suna cinyewa a hankali, kuma duk lokacin da tazarar ta sauya, lokacin tashin wuta ma ya sauya. Shi ya sa mota kan fito daga sabis garau, bayan 'yan watanni ta koma gidan jiya.

A nan ne ɗaya daga cikin ƙarin da ya fi biyan kuɗinsa yake: maye gurbin kwantak da na'urar lantarki mai aiki da maganaɗisu, ko sa distiributa mai irin wannan na'ura. Babu abin da ke gogar wani a cikinta, don haka taimin ba ya gocewa. Mota na tashi da wuri da safe, sulo ya daidaita, wuta ta yi ƙarfi. Dokin da take ƙarawa kaɗan ne, amfaninta shi ne inji na zama kullum kamar ranar da aka saita shi. Sharaɗi shi ne a haɗa ta da koyil ɗin da ya dace da ita. Direban da ke shiga daji kuma ya ajiye tsohuwar distiributarsa a mota, domin kwantak ana iya gyara shi a gefen hanya, na lantarki kuwa in ya mutu sai sabo.

Saita taimin da kunne al'ada ce da ta daɗe, amma fitilar taimin ta fi kunne gaskiya. Idan wuta ta makara, mota na yin nauyi ta riƙa zafi. Idan ta yi gaggawa da yawa, akan ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin hawan tudu, kuma wannan ƙara tana iya huda fistin. Sababbin filogi na asali masu lambar da kamfani ya faɗa, da wayoyin filogi marasa tsagewa, su ne cikon aikin. Filogin jabu sun cika kasuwa, araha kuwa ba ta ado.

Mai 22R ya kula da wani abu guda. Sarƙar taimin ta injinan da aka yi daga tsakiyar shekarun 1980 tana bin wata madogara ta roba. Idan robar ta karye, sarƙar kan riƙa cin murfin gaba har ta huda shi, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Alamar farko ita ce ƙarar sarƙa idan an tayar da mota da safe. Akwai madogara mai bayan ƙarfe da ake sawa a madadinta, kuma ƙari ne mai sauƙin kuɗi da ke tsare inji.

Kafireta

Kafin a yi maganar sabuwa, a wanke tsohuwar, a canza gaskit da allurarta, a daidaita tsayin mai a kwanonta, a sa sabuwar matatar mai. Kada a bari a yashe jet da waya ko allura. Ramin jet an auna shi ne da ɗaya bisa ɗari na milimita, kuma da zarar an buɗa shi, mota ta kama shan mai ke nan har abada.

Idan sandar totur ta cinye gidanta har iska na shiga ta gefe, kafireta ta gama aiki. Wadda aka fi sani a matsayin madadi ita ce Weber 32/36. Maƙogwaro biyu gare ta: ƙarami mai milimita 32 da ke aiki shi kaɗai a tafiyar yau da kullum, da babba mai 36 da ba ya buɗewa sai an danna totur sosai. Wannan tsari ya dace da inji mai lita 2 zuwa 2.4, domin yana tsimin mai kuma yana ba da ƙarfi lokacin buƙata. Amma sai an zaɓa mata jet daidai da injin, kuma kwaikwayonta sun yi yawa. Kafiretar da ta fi ƙarfin inji kuwa tana rage saurin iska a maƙogwaro, mota ta riƙa shiɗewa idan an taka ta daga tsaye.

Zafi, babban makashin inji

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Yamai. Kan injin 504 da na 22R na alminiyom ne, kuma tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta lanƙwasa shi. Saboda haka duk wanda zai ƙara wa inji ƙarfi, ya fara ƙara masa sanyi.

Ruwa na tafasa a digiri 100. Murfin lagireto mai lafiya yana riƙe matsin da ke ɗaga wannan zuwa kusan digiri 120. Murfin da robarsa ta mutu ya zubar da wannan kariya, alhali yana cikin kaya mafi araha a jikin mota. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma na barin ƙanzo da tsatsa a cikin bututan lagireto, kamar yadda ake gani a gindin butar shayi. Ruwan kulant da aka haɗa da tataccen ruwa yana hana wannan.

Cire tamostat ya zama ruwan dare a garejinmu, da hujjar wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 82 zuwa 88, sannan ya buɗe. Idan babu shi, inji na daɗewa bai yi ɗumi ba, musamman da asubahin hunturu, ya sha mai da yawa, fetur ya riƙa wanke man da ke bangon silinda. Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, ko fanbel ya saki, ko famfon ruwa ya cinye, ko fanka ba ta kamawa, ko taimin ya makara. Cire tamostat ɓoye ciwon yake yi. Ƙarin da ya dace shi ne lagireto mai layi uku a madadin mai biyu, da mayar da kwandon da ke kewaye fanka idan an yar da shi, da gejin zafi mai aiki.

Baƙin mai ma sanyaya inji yake yi. A hanyoyi masu ƙura, juye shi duk kilomita 5,000 tare da matatarsa shi ne daidai.

Salansa

Salansar da ta lotse ko ta toshe tana riƙe hayaƙi, kuma canza ta na dawo da ƙarfi nan take. Amma fasa tukunyar salansa ƙara kawai yake ƙarawa. Bututun da ya yi faɗi da yawa yana rage saurin hayaƙi, ja a ƙananan juyi ya ragu. Ga injinan nan, bututu mai faɗin inci 2 zuwa 2 da kwata ya wadatar. A kuma toshe duk wata ɓula, domin hayaƙin da ke shiga gidan direba yana ɗauke da guba marar wari da ke sa barci a kan sitiyari.

Masu dizal

Injin 3L mai lita 2.8 dokinsa kusan 90 ne, kuma an san shi da juriya, ba da gudu ba. Shawarar da aka fi ba masu shi ita ce a buɗe famfon injekta ya ƙara mai. Mota takan ɗan ƙara ja, amma baƙin hayaƙin da ke biyo baya kuɗi ne ke tashi sama, kuma zafin cikin silinda na hauhawa. Kan injinan wannan dangi yakan tsage idan zafi ya yi yawa. Haka ma ɗaura tabo a injin da ba a ƙera shi da ita ba: matsinsa ya kai 22 bisa 1, kuma ƙarin iska da mai a kan wannan matsi na gajarta ransa.

Abin da ke dawo wa dizal ƙarfi shi ne a kai nozul wurin masu injin gwaji a ga yadda suke feshi, a saita taimin na famfo, a canza matatar mai, a riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙarƙashinta. Bel ɗin taimin kuma a canza shi a kilomita 100,000. Idan ya tsinke ana tafiya, fistin na karo da bawul, gyaran ya ninka kuɗin bel sau da yawa.

Taya, kaya da birki

Wani lokaci injin lafiyarsa ƙalau, a ƙafa matsalar take. Idan aka sa tayar da ta fi ta asali tsayi da kashi 10 cikin ɗari, ƙarfin da ke isa ƙasa na raguwa da kusan haka, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska, birkin da ke kamawa, da kulocin da ke zamewa, duk suna cin ƙarfi da mai.

An ƙera waɗannan motoci ne don kaya kusan tan ɗaya, wato buhu 10 na masara mai kilo 100. Wanda ya ɗora buhu 20 ya ce mota ba ta ja, ba inji ne ya gaza ba. Kuma duk motar da aka ƙara wa ƙarfi, wajibi ne a gyara birkinta a lokaci guda, domin ran direba da na yaron mota da na masu tafiya a gefen titi duk a kansa suka rataya.

Wanda awo ya nuna masa cewa sai an canza inji, zai fi samun sauƙi idan ya ɗora irin wanda ya sauke, domin giya da mazauni da wayoyi za su dace. Ya auna matsin na Beljiyam ɗin kafin ya biya, ya karɓi rasit, ya kuma sa a gyara lambar inji a takardun mota.

Lissafin riba

Tun da aka cire tallafin mai a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a garuruwa da yawa a 2024. Wannan ya sa kowace lita ta zama abin lissafi.

Hanyar aunawa mai sauƙi ce. A cika tanki, a rubuta lambar kilomita. A yi aiki kamar kullum, a sake cikawa, a rubuta litar da ta shiga da sabuwar lamba. A raba kilomita da lita. A ɗauka mota na yin kilomita 8 da lita ɗaya, tana kuma tafiyar kilomita 2,000 a wata: za ta sha lita 250. Idan gyara ya kai ta kilomita 9 a lita, za ta sha kusan 222. An tsira da lita 28 a wata ke nan. A ninka da farashin ranar, a raba kuɗin gyara da abin da ya fito, za a ga watannin da gyaran zai biya kansa. A riƙa yin gyara ɗaya-ɗaya ana aunawa, don a san wanda ya yi amfani.

Wasu na mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta fara ƙarfafawa a 2023. Ta fi fetur araha, amma takan rage ƙarfin inji da kusan kashi ɗaya cikin goma, tukunyarta na da nauyi tana kuma cin wurin kaya, sannan sai an tabbatar akwai gidan sayar da ita a hanyar da ake bi. Matsin da ke cikin tukunyar ya kai bar 200, kusan ninki ɗari na iskar tayar ƙaramar mota. A Oktoban 2024 wata tukunya da aka haɗa da walda ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin, ta raunata mutane. Wannan aiki na cibiyoyin da hukuma ta amince da su ne kaɗai.

Jerin da ya dace dai shi ne: awo, sannan sabis cikakke, sannan sanyaya da birki, sannan wutar lantarki, sannan kafireta da salansa idan sun gaji.

Sababbin kalmomi

Matsi: ƙarfin da fistin ke danne iska da mai da shi a cikin silinda.
Taimin: lokacin da wuta ke tashi, ko nozul ke feshi, gwargwadon matsayin fistin.
Tamostat: ƙofar da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa.
Jet: ƙaramin rami a kafireta da ke auna man da zai wuce.
Tabo: fankar da hayaƙi ke juyawa don ta cusa wa inji ƙarin iska.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku inji ke buƙata don ya yi ƙarfi?
2. An ɗiga baƙin mai a silinda, matsinta ya tashi. Me ya lalace?
3. Me shuɗi, baƙi da farin hayaƙi ke nunawa?
4. Kawo dalilai huɗu da ke sa mota zafi, ban da tamostat.
5. Mota ta yi kilomita 360 da lita 45. Kilomita nawa take yi da lita ɗaya?

Aikin yi

Kowane ɗalibi ya nemi izinin wani mai akori-kura a unguwarsu ko a tasha, ya auna man da motar ke sha na mako guda ta hanyar da aka koya. Ya duba matatar iska, murfin lagireto da launin filogi tare da makaniki, ya rubuta abin da ya gani a littafinsa. A zo da sakamakon aji na gaba, inda za a jera gyare-gyaren kowace mota daga mafi araha zuwa mafi tsada.